Ƙala'at an-Nahal: abin da ya kamata mai sayen keken farko ya sani

A gabashin Sudan keke ya sake zama abin hawan da gidaje da yawa ke dogara da shi, musamman tun da man fetur ya yi tsada kuma kuɗin mota ya fi ƙarfin talaka. Ga Bahaushen da ke zaune a yankin Ƙala'at an-Nahal na jihar Gadarif, ko an haife shi a can, ko aikin gona ne ya kai shi, ko yaƙi ne ya koro shi daga Khartum ko Jazira, sayen keke na iya cinye abin da ya tara a kaka guda. Idan ya yi zaɓen tumun dare, kuɗin sun tafi ke nan, keken kuma ya koma jingine a bango. Wannan bayani ya tattara abubuwan da ake dubawa kafin a biya: irin ƙasar wurin, irin keken, lambar taya, lafiyar ƙarfe, lokacin saye, da takardar shaida.

Garin da mutanensa

Ƙala'at an-Nahal na kudu maso yammacin birnin Gadarif, a kan tsohon layin dogo da ya bi ta Hawata ya nufi Sinnar. Layin ya isa Gadarif a 1928, aka haɗe shi da Sinnar a 1929. Garin na zaune a gindin duwatsu da suka taso a tsakiyar fili mai baƙar laka, kuma kogin Rahad na yamma da shi.

Hausawa sun daɗe a wannan sashe na Sudan. Wasu zuriyar mahajjata ne da suka bi hanyar ƙasa zuwa Makka suka yada zango suna noma don neman guzuri, zangon ya zama gida. Wasu sun zo ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu Shuɗi a 1906. Aikin audugar Jazira da aka buɗe a 1925, da noman dawa da riɗi na tarakta da aka fara a yankin Gadarif a tsakiyar shekarun 1940, sun ƙara jawo mutane daga Najeriya da Nijar da Chadi. Da yawa daga cikin jikokinsu 'yan ƙasar Sudan ne, ko da yake har yau wasu na kiran su Fallata ko Takari.

Yankin ya kuma karɓi baƙi daga gabas. Tun ƙarshen shekarun 1960 aka tsugunar da 'yan gudun hijirar Eritiriya a ƙauyukan da ke kewaye da garin, kamar Umm Sagata. Wannan ya sa kasuwannin wurin suka saba da harsuna da yawa, kuma mai saye na iya yin ciniki da Larabci da safe, ya ƙarasa da Hausa da rana.

Me ya dawo da keke?

A watan Fabrairun 2021 gwamnatin Sudan ta karya darajar fam daga 55 zuwa 375 a kan dala ɗaya, sannan a watan Yunin wannan shekara ta janye tallafin fetur da gas. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin ƙasar da dakarun RSF ya ƙara dagula al'amura. Kafin yaƙin dala na kusan fam 600, amma a 2024 ta haura fam 2,000 a kasuwar bayan fage. Lokacin da Wad Madani ya faɗa hannun RSF a watan Disambar 2023, da kuma Sinja a tsakiyar 2024, dubun dubatar mutane sun kwararo jihar Gadarif. Sojoji sun ƙwato Sinja a watan Nuwambar 2024 da Wad Madani a watan Janairun 2025, amma tsadar rayuwa ba ta koma inda take ba.

A irin wannan hali, abin hawan da ba ya shan mai yana da daraja ta musamman. Mai tafiya a ƙasa yana cin kilomita 4 zuwa 5 a awa guda. Mai keke a busasshiyar hanya mai laushi yana cin ninki uku na wannan ba tare da ya wahalar da kansa ba. Gonar da ke da nisan kilomita goma, wadda zuwa da dawowarta a ƙasa ke cin awa huɗu, ta koma tafiyar awa ɗaya da rabi. Wannan bambanci ne ke sa ɗan makaranta ya isa aji a kan lokaci, mai ƙwadago ya isa gona kafin rana ta yi zafi, mai ɗan tireda ya kai kaya kasuwar ƙauye ya dawo a yini guda.

Ƙasar da za a hau keken a kanta

Kuskuren farko da sabon mai saye ke yi shi ne ya zaɓi keke da ido, bai tuna hanyar da zai bi ba. Ƙasar Gadarif baƙar laka ce mai nauyi. Da damina, daga wajen Yuni zuwa Oktoba, tana shan ruwa ta kumbura ta zama taɓo mai danƙo da ke manne wa taya har ta cushe tsakanin taya da madugadi, keken ya ƙi motsi. Da rani kuma tana bushewa ta tsage, sawun tarakta da na manyan motoci su daskare su zama ramuka masu kaifin baki. Kwalta tana kan manyan hanyoyi, kamar wadda ta taso daga Wad Madani ta bi ta Gadarif zuwa Kassala da Port Sudan, da wadda ta tashi daga Gadarif ta bi ta Doka zuwa Gallabat a kan iyakar Habasha. Hanyoyin da ke haɗa ƙauyuka da gonaki na ƙasa ne.

Abu na biyu shi ne ƙaya. Dushe da aduwa sun yawaita a dajin yankin, ga tsidau da ke shimfiɗe a bakin hanya bayan damina. Siririyar taya ba ta jure musu.

Na uku shi ne zafi da ƙura. Daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40. Roba mai arha tana tsagewa idan ana barin keke a rana, ƙura kuma tana haɗuwa da mai a kan kaca ta zama kamar garin dutsen wasa wuƙa, tana cin ƙarfe a hankali.

Iri uku da ake samu

Na farko shi ne baƙin keken ƙarfe na gargajiya, mai giya ɗaya, da birkin sandar ƙarfe, da kariya a baya. Samfurinsa daga Ingila ya fito, inda kamfanin Raleigh na birnin Nottingham ya yi suna da shi, har Hausawa suka riƙa kiran keke mai kyau Rale. Daga baya masana'antun Sin da Indiya suka karɓe kasuwar: Phoenix na Shanghai, Flying Pigeon na Tianjin, da Hero da Avon na birnin Ludhiana. Nauyinsa na kai kilo 20 ko fiye. Ba shi da sauri, kuma birkinsa ba ya kamawa sosai idan ƙafar ta jiƙe. Amma kowane mai gyara ya san shi, kayan gyaransa na kamfanoni daban-daban suna shiga juna, kuma yana ɗaukar jarka biyu ta ruwa mai lita 20 kowace, wato kimanin kilo 40, ba tare da ya koka ba.

Na biyu shi ne keken hawan dutse mai faffaɗar taya da giya da yawa. Tayarsa ta fi dacewa da hanyar gona, kuma akwai sarari tsakaninta da ƙarfen keken, don haka taɓo ba ya saurin cushe ta. Matsalar ita ce kasuwa ta cika da na kwaikwayo, masu sheƙi da sifirin gaba da baya, waɗanda aka ƙera don su burge ido. Sifirin ɗin nasu yana ƙara nauyi, yana saki bayan 'yan watanni, kuma ba a iya ɗaura musu kariya mai ƙarfi. A cikin wannan iri, wanda ba shi da sifirin ko kaɗan ya fi daɗewa.

Na uku shi ne keken tsere, wanda masu Faransanci ke kira vélo de route: siririyar taya, kai mai lanƙwasa zuwa ƙasa, nauyin da bai wuce kilo 10 zuwa 12 ba a cikin masu araha.

Wa keken tsere ya dace da shi?

Sha'awar wannan keke ta ƙaru a tsakanin matasan gabashin Afirka, kuma akwai dalili. Maƙwabciya Eritiriya, wadda ta gaji wasan daga zamanin mulkin Italiya, ta fitar da Daniel Teklehaimanot, wanda ya sa rigar gwanin hawan tudu a gasar Tour de France ta 2015, da Biniam Girmay, wanda ya lashe zango uku da koriyar riga a gasar ta 2024. A yammacin Afirka ana gudanar da Tour du Faso tun 1987, kuma a watan Satumbar 2025 birnin Kigali ya karɓi gasar tseren keke ta duniya, karo na farko a nahiyar.

Sai dai keken tsere an yi shi ne don kwalta. Faɗin tayarsa milimita 23 zuwa 28 ne kawai, tana buƙatar iska mai ƙarfi ƙwarai, kuma idan iskar ta ragu ta bugi bakin rami, ƙarfen ƙafar yana datse tiyub ɗin a wuri biyu lokaci guda. Yawancinsu ba su da wurin ɗaura kariya. Ga mazaunin ƙauye da hanyarsa ta gona ce, wannan keke wahala ce da kuɗi. Ga ɗalibi ko ma'aikacin da ke zirga-zirga a cikin birnin Gadarif ko Kassala, ko matashin da ke son atisaye a kan babbar hanya, yana iya zama zaɓi mai kyau idan an kiyaye sharuɗɗa huɗu.

Sharaɗi na farko, ƙarfen jikinsa ya kasance baƙin ƙarfe. Idan ya tsage, mai walda na gari zai iya ɗinke shi. Alminiyam na buƙatar na'urar walda ta musamman, shi kuwa kabon ba a gyara shi a kasuwar ƙauye, kuma tsagewarsa ba ta cika bayyana ga ido ba sai ya karye. Na biyu, ya kasance yana karɓar taya mai faɗin milimita 28 zuwa 32. Na uku, giyarsa ta kasance mai sauƙi, hawa bakwai ko takwas a baya, irin su Tourney da Claris na kamfanin Shimano na Japan. Kacarsu ta fi kauri da araha, kuma ana samun ta a inda ake sayar da kayan keken hawan dutse. Keke mai hawa goma sha ɗaya ko sha biyu na buƙatar kacar da sai an yi aike. Na huɗu, birkinsa ya kasance na waya. Birkin da ke aiki da mai yana da ƙarfi, amma idan ya yoye babu mai gyara shi a kusa.

Tsofaffin kekunan tsere na shekarun 1980 da 1990, masu sandar sauya giya a jikin bututun ƙasa, sukan cika waɗannan sharuɗɗa, kuma su ne mafi araha a cikin na gwanjo.

Lambar taya ta fi sunan kamfani muhimmanci

Keken da ba a samun tayarsa a kasuwa mafi kusa, ranar da tayar ta mutu ya mutu. A gefen kowace taya ana rubuta lambobi biyu da layi a tsakaninsu, misali 40-635. Ta farko faɗin tayar ce, ta biyu kuma faɗin ƙarfen ƙafar da take zama a kai, duka da milimita. Lamba ta biyu ita ce dole ta yi daidai.

Baƙin keken gargajiya mai inci 28 lambarsa 635. Keken hawan dutse mai inci 26 lambarsa 559. Keken tsere na zamani, wanda ake rubuta wa 700C, lambarsa 622. Tsofaffin kekunan tsere masu inci 27 lambarsu 630. Wasu kekunan gari na Ingila da Japan da aka rubuta wa inci 26 kuwa lambarsu 590 ce, don haka tayar keken hawan dutse ba ta shiga su duk da cewa sunan incin ɗaya ne. Haka kuma a Turai ana kiran 622 inci 28, abin da ke sa mutum ya sayi tayar Phoenix ya tarar ta yi wa kekensa yawa. Dabara mafi sauƙi ita ce mai saye ya rubuta lambar a takarda, ya zaga shagunan kayan keke ya tambaya, kafin ya koma wurin mai sayarwa.

Bawul ma iri uku ne. Kekunan gargajiya na zuwa da irin na Dunlop mai 'yar roba a ciki. Kekunan hawan dutse na zuwa da irin na mota, wanda kowane mai faci ke iya ba shi iska. Kekunan tsere kuwa na zuwa da siririn bawul na Faransa, wanda famfon gari ba ya kamawa sai da ɗan ƙaramin mahaɗi na tagulla. Wanda ya sayi keken tsere ya nemi wannan mahaɗi a ba shi tare da keken.

Girman da ya dace da jiki

Keken da ya yi wa mutum girma ko ƙanƙanta yana jawo ciwon gwiwa da baya, kuma arha ba ta gyara wannan. Gwaji na farko: mutum ya tsaya da ƙafa biyu a ƙasa, sandar sama na tsakanin ƙafafunsa. Ya kamata a sami sararin yatsa biyu zuwa uku. Gwaji na biyu: ya zauna a kan sirdi, ya ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa. Idan ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ƙugu ya karkata ba, tsayin sirdin ya yi. A keken tsere, masu ƙera keke na amfani da wani lissafi: a auna tsawon ƙafa daga ƙasa zuwa gindin cinya da santimita, a ninka da 0.65. Mai ƙafar santimita 80 zai nemi keke mai lamba 52 ko kusa da haka.

Iyaye sukan sayi babban keke da nufin yaro zai girma ya tarar da shi. Yaron da ƙafarsa ba ta kai ƙasa, yana tuƙi ta ƙarƙashin sanda, ba ya iya tsayawa da sauri idan mota ko garken shanu suka ɓullo. A sandar sirdi akwai layin da ke nuna iyakar da za a iya zaro ta. Wuce wannan layi na fasa bututun.

Sabo ko na hannu?

Sabbin kekuna na shigowa Sudan ta Port Sudan, su sauka a manyan kasuwanni kamar ta Gadarif da ta Kassala, inda zaɓi ya fi yawa kuma ake iya kwatanta farashi. Baƙin keke sabo yakan zo a warwatse cikin kwali, a haɗa shi a shago. Ingancinsa ya dogara ga wanda ya haɗa shi kamar yadda ya dogara ga masana'anta: idan bai ɗaure sifoki daidai ba, ko bai cika boris da giris ba, ƙafar za ta karkace cikin mako biyu. Sunan da aka liƙa a jikin keke ba hujja ba ce, domin ana buga tambarin manyan kamfanoni a kan kayan da ba nasu ba. Kauri da tsaftar walda da nauyin kariya sun fi tambari faɗin gaskiya.

Na hannu ya fi araha, kuma tsohon keke mai kyau ya fi sabon jabu. Wuri mafi aminci na nemansa shi ne wajen mai gyaran keke na unguwa, wanda a Sudan ake kira ajalati. Ya san kekunan garin da masu su, kuma shi ne zai ci gaba da gyara wanda aka saya. Baƙon da bai daɗe da zuwa ba ya fi kyau ya je kasuwa tare da ɗan gari da ya san farashi, domin harshen mutum kan nuna wa mai sayarwa cewa bai san kan kasuwar ba.

Abin da ake dubawa kafin a biya

Jikin keke ake fara dubawa. A shafa bututu biyu da ke bayan wuyan keken. Idan akwai kumburi ko fenti ya yamutse a wurin, keken ya taɓa karo ta gaba. A tsaya a gefe a duba cokalin gaba, kada ya zama ya lanƙwashe baya. Sabon fenti a wuri ɗaya kawai yakan ɓoye walda ko tsatsa.

Sai ƙafafu. A ɗaga keken a juya kowace ƙafa ana kallon tazararta da robar birki. Lilo kaɗan ana gyara shi da ɗaure sifoki, amma ƙarfen da ya lotsa ko ya tsage sai canji. A matsa sifoki biyu biyu da yatsu a ji ko akwai masu sako-sako. A girgiza ƙafar hagu da dama, idan tana ƙwanƙwasa to boris ya ci.

Sai kaca da haƙora. A kacar da ba ta ci ba, tsawon fil 24 inci 12 ne cif, wato santimita 30.5. Idan ya ƙaru da milimita ɗaya da rabi, lokacin canji ya yi. Idan ya kai milimita uku, ta riga ta cinye haƙoran baya, kuma canza kaca kaɗai ba zai wadatar ba. Wanda ba shi da abin awo ya ja kacar daga gaban babban faifan haƙora. Idan ta ɗago har aka ga haƙori a fili, ta mutu. Haƙoran da suka yi tsini suka karkata gefe guda ma alama ce ta ƙarewa.

Sai tsakiya da wuya. A riƙe hannun feda a girgiza shi gefe da gefe. A kama birkin gaba a tura keken gaba da baya a saurari wuyan. A tabbatar sandar sirdi tana motsi idan an kwance ta, domin wadda ta yi tsatsa ta manne ba ta fita cikin sauƙi.

Daga ƙarshe a hau. A gwada kowace giya, a taka da ƙarfi a ji ko kacar na tsallake, a kama birki biyu ɗaya bayan ɗaya. Keken da ke ja gefe guda idan an sassauta riƙo, jikinsa ya karkace. Mai sayarwar da ya hana a hau kekensa ya ba da amsa ke nan.

Kuɗi da lokacin saye

Saboda yadda fam ke faɗuwa, farashin da aka ji wata uku da suka wuce ba ya aiki yau. Manoman yankin kan auna tsadar kaya da buhun dawa ko ƙindarin riɗi, kuma wannan awo ya fi lambar fam tsayawa. Wanda ke karɓar kuɗi daga ɗan'uwa a Saudiyya ko Libiya ya fi kyau ya daidaita da mai sayarwa tukuna, sannan a canza kuɗin a biya a rana ɗaya.

Kuɗi na shiga hannun jama'a ne bayan yankan riɗi a wajen Oktoba da girbin dawa da ke biyo baya, kuma a lokacin ne masu neman keke suka fi yawa. Gab da damina kuwa, lokacin da ake neman kuɗin iri da na noma, masu sayar da na hannu sukan ƙaru. Wanda zai iya haƙuri zuwa wannan lokaci yana da bakin ciniki.

Kada a zuba duk kuɗin a kan keken kansa. A ware aƙalla kashi ɗaya cikin biyar don famfo, kwaɗo da sarƙa, faci da sholisho, tiyub na ajiya, fitila, da gyaran farko. A na hannu, a ƙiyasta kuɗin taya biyu da kaca a cire daga farashin tun a wurin ciniki.

Tun bayan canjin takardun fam 500 da 1,000 da aka fara a watan Disambar 2024 a jihohin da suka haɗa da Gadarif, tsabar kuɗi ta yi ƙaranci, kuma ciniki da yawa ya koma manhajar Bankak ta Bankin Khartum. A tambaya tun farko ko farashin na tsaba ne ko na turawa, domin sukan bambanta. Wanda ya biya ta asusun wani ya ajiye hoton shaidar turawar.

Takarda da haɗarin kayan sata

Yaƙin ya zo da wawashe gidaje da shaguna a Khartum da Jazira da Sinnar, kuma kayan da aka kwashe sun bazu a kasuwanni. Keke mai tsada da ake sayarwa a farashin banza abin zargi ne. Wanda aka kama da kayan sata yana asarar keken da kuɗinsa, yana kuma iya kwana a hannun hukuma. Haɗarin ya fi yawa ga baƙo da wanda takardunsa ba su cika ba, a lokacin da shingayen bincike suka yawaita a hanyoyi.

Kowane keke na da lambar da aka buga a ƙarfensa, galibi a ƙarƙashin mahaɗar feda ko a gindin sandar sirdi. Idan an goge ta ko an kankare, a bar keken. A sabon keke a karɓi rasit na shago, wanda ake kira fatura, a sa a rubuta lambar a ciki. A na hannu a rubuta takarda mai ɗauke da sunan mai sayarwa da na mai saye, da lambar keken, da launinsa, da farashi, da kwanan wata, shaidu biyu su sa hannu. Ya fi kyau ɗaya daga cikinsu ya kasance mai unguwa ko limami ko wani dattijo da aka sani. A ɗauki hoton takardar da na keken a waya.

Kulawa bayan saye

Bayan mako biyu na farko a mayar da keken wurin mai gyara ya sake ɗaure sifoki da kusoshi. A riƙa duba iska kowane mako, domin taya mai ƙarancin iska ta fi saurin fashewa. A goge kaca da tsumma kafin a ɗiga mata mai, sannan a share wanda ya yi yawa. Baƙin man da aka juye daga inji yana ɗauke da garin ƙarfe, gara sabon man inji ko man keken ɗinki. Don maganin ƙaya, masu gyara sukan yanke tsohon tiyub su shimfiɗa shi a cikin taya ya zama rufi na biyu. Da damina wasu kan cire madugadi saboda taɓo, kuma a wanke lakar kafin ta bushe. A ajiye keke a inuwa.

Buhun dawa na Sudan na kusan kilo 90. Baƙin keke na iya ɗaukarsa idan ana tura shi a ƙasa, amma hawa da irin wannan kaya a kan ramuka yana karya sifoki da gatarin baya. Raba kayan gida biyu ya fi araha a kan sayen sabuwar ƙafa.

Sunayen kayan a harsuna uku

Masu karatu a Nijar, Chadi da Kamaru na ciniki da Faransanci, na Sudan kuma da Larabci. Keke shi ne ajala a Sudan, vélo a Faransanci. Taya: listik, pneu. Kaca: jinzir, chaîne. Birki: farmala, frein. Feda: baddal, pédale. Sirdi: sarj, selle. Famfo: munfakh, pompe. Fashewar taya: banshar, crevaison.

Lambobin taya ɗaya ne a ko'ina, ko a Gadarif, ko a Maraɗi, ko a Garwa, ko a zangon Kumasi. Abin da ke sauyawa shi ne hanya da kasuwa: inda yashi ya fi yawa ana neman faffaɗar taya, inda kwalta ta wadata siririya na iya yi. Tambayoyi uku ne mai saye zai amsa kafin ya zaro kuɗi: wace hanya zai bi kullum, me zai ɗauka a kai, kuma wa zai gyara masa idan ya lalace.